Na Karanci Dutsen da Ya Ci Yaranmu

Ni haifaffiyar Anka ce. An haife ni a 1996, shekarar da aka yanke Zamfara daga tsohuwar Jihar Sakkwato. Mahaifina malamin firamare ne, mahaifiyata kuwa 'yar wani ƙauye ce a ƙasar Anka, inda har yau mafi yawan danginta suke. Yanzu ina karatun digiri na uku a fannin jiyokemistiri, wato binciken sinadaran da ke cikin dutse da ƙasa da ruwa, a san daga ina suka fito, ta ina suke bi, a jikin wa suke ƙarewa. Ƙannena mata da ke sakandare sun sha tambayata yadda aka yi mace ta faɗa wannan fanni, shi ya sa na ga gara in zauna in rubuta labarin gaba ɗaya.

Zinare ba baƙo ba ne a ƙasarmu. Tun zamanin Turawa aka haƙe shi, musamman a shekarun 1930, kuma tsofaffin ramukan suna nan cikin daji, ciyawa ta rufe su. Muna yara ba mu ɗauke su a bakin komai ba. Gero da dawa da wake su ne rayuwa, da rani kuma maza su tafi ci-rani. Sai farashin zinare ya tashi a kasuwar duniya, a 2009 oza ɗaya ta haura dala 1,000, labari ya iso har ƙauyen su Inna. Kawuna, wan Inna, ya sayar da shanu biyu ya sayi injin niƙa, irin dai wanda ake niƙa hatsi da shi. Maza su shiga rami su fito da dutse a buhuna, a kawo cikin gida, mata su farfasa da guduma, a niƙa ya zama gari, a wanke a bakin tafki, a zuba zaiba ta kama zinaren, a ƙona ta tashi, ɗan abin da ya rage a kai wa dillali. Garin dutsen a tsakar gida ake shanya shi, inda yara ke rarrafe. Turmin da aka daka dutse da safe, wani lokaci shi za a daka fura da yamma.

Ba zan ɓoye ba, arziki ya shigo. Matan da suke cikin kulle, waɗanda ba su taɓa riƙe kuɗin kansu da ya wuce na ƙuli-ƙuli ba, suka fara yi wa 'ya'yansu kayan ɗaki da guminsu. Aka yi rufin kwano, aka sayi babura, aka yi aure. Duk wanda zai ba da labarin gubar dalma ya tsallake wannan ɓangaren, to bai san dalilin da ya sa har yau ba a daina haƙa ba.

A farkon 2010 ina makarantar kwana a Gusau. Ranar ziyara Inna ta zo fuskarta ba walwala, ta ce 'yar kawu ta rasa yaranta biyu a cikin wata guda. Amai, ciwon ciki, sai jijjiga, sai suma, shi ke nan. Wasu suka ce sanƙarau ne, tunda lokacin zafi ne; wasu suka ce zazzaɓin cizon sauro ne ya hau kai; tsofaffi suka ce iska ce, aka yi ta turare da rubutu. Ma'aikatan ƙungiyar likitocin nan ta MSF, waɗanda dama suke zagayen sa ido kan sanƙarau, su ne suka fara lura a watan Maris cewa mutuwar ta wuce hankali, kuma maganin zazzaɓi ba ya taɓa ta. Da aka gwada jinin yara sai aka ga dalma. Sunayen Dareta da 'Yargalma da Abare da Sunke da Tungar Daji da Tungar Guru da Duza, daga baya Bagega, suka shiga rediyon duniya. Binciken hukumar CDC ta Amurka ya nuna cewa a ƙauyuka biyu da aka fara dubawa, kashi ɗaya cikin huɗu na yara 'yan ƙasa da shekara 5 sun mutu a cikin shekara guda. Na'urar gwajin jinin da aka zo da ita iyakarta mikirogiram 65 na dalma a kowace desilita ta jini, jinin yara da yawa kuwa ya zarce abin da take iya karantawa, alhali daga 45 ake fara ba da maganin da ke fitar da dalma daga jiki. Yaran da suka rasu a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum sun haura 400.

Da muka samu hutu na bi Inna gaisuwa. A nan na ga wasu mutane suna shiga gida-gida da wata na'urar hannu, su ɗora bakinta a ƙasa, su jira kaɗan, lamba ta fito. Na tsaya kusa da mai yi musu tafinta, na tambaye ta me lambar ke nufi. Ta ce a Amurka idan ƙasar wurin wasan yara ta wuce miligiram 400 na dalma a kowane kilo, ana ɗaukar mataki. A wasu gidajen yankinmu an samu sama da 100,000. Lokacin shekarata 14, ban gane girman lissafin ba. Abin da ya tsaya mini shi ne ƙasar tsakar gidan kawu, wadda na yi wasan 'yar tsana a kanta, ba ta sauya launi ba, ba ta wari, amma akwai wanda ya iya tambayarta ta ba shi amsa. Na so in zama irin wannan mutumin. Daga baya aka kankare saman ƙasar gidajen aka binne a ramuka na musamman, aka zubo sabuwa. Bagega kuwa sai 2013 aka yi mata, bayan an daɗe ana jiran kuɗi.

Baba likita yake so in zama, ko aƙalla nas. Da na cike jiyoloji a takardar JAMB sai gida ya ɗauki zafi. Gwaggona ta riƙe haɓa ta ce, "Mi anka yi anka yi karatun duwatsu? Ɗiya mace da guduma cikin daji, wa za shi aure ta?" Baba bai ce komai ba sai bayan sallar isha'i, ya kira ni ya ce in faɗa masa dalili ɗaya. Na ce likita yaron da ya riga ya sha guba ake kawo masa, ni ina so in san dutsen kafin a niƙa shi. Ya yi shiru, ya ce, "Allah shi yi albarka. Amma ki sani in kin fara ba ajiyewa."

A Sakkwato na yi digirin farko. Mata a ajinmu ba mu cika hannu ɗaya ba. Fita daji ce ta fi ba mu wuya da farko: takalmin sojoji a ƙarƙashin dogon siket, hijabi, hular rana a sama, guduma a hannu, kamfas a wuya, ga ranar Sakkwato. Amma a can na fara son fannin don kansa, ba don baƙin cikin 2010 kaɗai ba. Ranar da malaminmu ya tsayar da mu gaban farar ƙasar Kalambaina, wadda ake yin siminti da ita, ya ce nan da muke tsaye teku ne a da, ya tono ɓawon dabbar ruwa ya ɗora mini a tafin hannu, na kasa rufe baki. Ashe har akwai wata ƙatuwar dabbar teku da ta shuɗe, wadda masana suka raɗa wa suna daga garin Goronyo, saboda a yankin aka tono ƙasusuwanta.

Duwatsun gida kuwa daban suke, sun fi na Sakkwato tsufa nesa ba kusa ba. Anka da Maru da Zuru da Birnin Gwari duk suna kan wasu dogayen zirin tsofaffin duwatsu da zafi da matsi suka sauya wa kama, suka miƙe daga arewa zuwa kudu. Kimanin shekara miliyan 600 da suka wuce, lokacin da manyan sassan ƙasa suka yi karo, duwatsun suka tsattsage, ruwan zafi mai ɗauke da narkakkun ƙarafa ya biyo tsagogin daga ƙarƙashi, ya huce, ya bar jijiyoyin farin dutse. A cikin waɗannan jijiyoyi zinare yake. Sai dai ruwan bai zo da zinare kaɗai ba. A wasu jijiyoyin ya ajiye galina, ma'adinin dalma da farar wuta, wanda sama da kashi 86 cikin 100 na nauyinsa dalma ce zalla. Zinare a dutse da giram ake lissafa shi a kowane tan. Dalma kuwa, idan ta kai 100,000 ɗin nan da na ji ina yarinya, kilo 100 ke nan a tan guda. Wato mutum zai niƙa tulin guba don ya tsinci abin da bai cika cokali ba. Ranar da na yi wannan lissafi a gefen littafina, ban iya cin abincin dare ba.

Da aka miƙo mana galina a ajin gwaji, sai na ga abin da na sani ne. Toka-toka mai ƙyalli, nauyi kamar me, idan an fasa ta sai ta rabu gida-gida kamar ɗunƙulen magi. Tozali ne. Irin wanda kakata ke niƙawa a kan dutse tana zizara wa jarirai. Tun daga nan na shiga yaƙi da tozalin dutse a gidanmu, kuma har yau ban gama cin nasara ba.

A hutun aji uku na tafi wa kawu da littafina, ina ji da ilimi. Ya saurare ni har na gama, sannan ya shiga ɗaki ya fito da duwatsu uku ya jera a tabarma. Ya ce wannan mai tozali ne, wannan mai tsatsa ne, wannan kuma fari ne fes, ba ya ba da komai. Ya nuna mini wani mai farin ɓawo a jikin tozalin, ya ce irin wannan daga saman rami yake fitowa, kuma ya fi tashin ƙura a inji. Ya ce, "Ɗiyata, mu mun san dutse. Abin da ba mu sani ba shi na wane ka kisa. In kin gano ki hwaɗa muna. Amma kar ki ce mu bari, don in mun bari mi za mu ci?" Mutumin da ya binne jikoki biyu ne yake faɗa mini haka. Wannan farin ɓawon da ya nuna mini shi ya zama tushen bincikena na digiri na biyu.

Bautar ƙasa a Yawuri na yi, a Jihar Kebbi, ina koyar da kimiyya a wata sakandare. Can ma zinare ake haƙa. A 2020 aka nuna wa shugaban ƙasa sandar zinare mai kilo 12.5 da aka ce daga masu haƙar gargajiya ta fito, aka yi ta murna a talabijin. Ni kuwa tambayar da ke raina ita ce a tsakar gidan wa aka niƙa dutsen. Dama a 2015 irin abin da ya same mu ya sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja, yara 28 suka rasu.

Na shiga digiri na biyu a Zariya a 2021. Tambayata mai sauƙin faɗa ce: gida biyu na iya nuna lamba ɗaya ta dalma a ƙasa, amma shin haɗarinsu ɗaya ne? Galina ba ta narkewa da sauƙi a cikin ciki. Amma idan ta daɗe kusa da saman ƙasa, ruwan sama da iska suna cinta, sai ta rikiɗe ta koma wasu ma'adinai, musamman serusait, farin ɓawon nan na kawu, wanda ruwan tsamin ciki ke narkarwa nan da nan. Masanan hukumar binciken ƙasa ta Amurka sun nuna haka game da dutsen Zamfara a wani aiki da suka wallafa a 2013. Sannan injin niƙa ya mayar da shi gari mai laushin da ke manne wa yatsun yaro. Yaro kuwa jikinsa na tsotse dalma ninki huɗu zuwa biyar fiye da babba, in yana da yunwa ko ƙarancin jini abin ya ƙaru, domin jiki yana ɗaukar dalmar a matsayin kalsiyam, sinadarin da ke gina ƙashi, ya kai ta ƙashi ya ajiye. Yarinyar da ta sha a 2010, idan ta yi ciki yau, ƙashinta zai saki wani abu daga ciki ya isa ga ɗan tayin. Wannan shi ne abin da ya fi hana ni barci, don 'yan matan da suka tsira a wancan lokaci yanzu su ne amare.

Ɗibar samfur ita ce inda zama mace ya yi mini rana. Abokan karatuna maza iyakarsu zaure. Ni kuwa, bayan an gaida hakimi da mai gari an nemi izini, sai in yi sallama in shige har ƙuryar ɗaki. In ɗebi ƙasar bakin murhu, ta ƙarƙashin gado, ta gindin randa, ta inda ake ajiye yaro idan uwa na daka. Kowanne a ledarsa, da lambarsa, da wurinsa a na'urar GPS. Matan sukan yi mini dariya, wai 'yar boko ta zo sharar ɗaki. A cikin hirar nan ta dariya nake jin abin da ba a faɗa wa maza masu takarda: wane ne har yanzu yake shigo da buhu cikin dare, wace ce take wanke kayan aikin mijinta a kwano ɗaya da na yara.

Sai dai shekarun ba na shiga daji ba ne. Tun Afrilun 2019 gwamnatin tarayya ta haramta haƙar ma'adinai a Zamfara saboda 'yan bindiga, haramcin da ba a ɗage ba sai Disambar 2024, kodayake kowa ya san ramuka ba su taɓa zama babu kowa ba. A Satumbar 2021 aka katse layukan waya a faɗin jihar, aka rufe kasuwannin mako. Ina Zariya ban san halin da Inna take ciki ba, balle in yi zancen samfur. Ƙauyuka da dama da na sa a tsarin aikina ban taka su ba har na gama. Wani ɗan uwana ma'aikacin lafiya na koya wa yadda ake ɗiba, ya riƙa aiko mini ta hannun direbobi, ni kuma na rubuta a kundina ƙarara waɗanne na ɗiba da hannuna, waɗanne aka aiko. Malamina ya so in mayar da aikin wani wuri mai kwanciyar hankali. Na roƙe shi ya bar ni, ya bar ni, Allah ya saka masa da alheri.

Aikin ɗakin gwaji haƙuri ne zalla. A shanya ƙasa, a tankaɗe, a ware mai laushin da bai kai mikiromita 250 ba, don ita ce ke bin hannun yaro zuwa baki. Kashi ɗaya a narkar da shi a gaurayen asid mai ƙarfi a auna dukkan dalmar da ke ciki. Ɗaya kashin a zuba shi a ruwan da aka haɗa ya yi tsamin cikin ɗan Adam, a riƙe shi a zafin jiki, digiri 37, ana juyawa tsawon awa guda, a ga nawa ya narke. Bambancin lambobin biyu shi ne labarin. In an ɗauke wuta a tsakiyar awar, aiki ya koma farko. Kuɗin gwaji kuwa daga aljihu ne: abin da na tara a bautar ƙasa, da kuɗin koyar da yara darasi a gida, da awarwaron Inna da ta sayar ba tare da ta gaya mini ba sai daga baya.

Akwai wani ɗakin gwaji na kuɗi a wani gari da na aika wa kashin farko. Malamina ya koya mini dabara: ka raba samfur ɗaya gida biyu ka ba su lambobi daban, ka kuma saka wanda ka riga ka san abin da ke cikinsa, kada ka gaya wa kowa. Da sakamako ya dawo, tagwayen nan ko kusa ba su yi kama ba, wanda na san adadinsa kuma an ba shi wata lamba can daban. Na kira, aka ce na'urarsu ba ta kuskure. Kuɗin ya tafi, na sake a wani wuri. Ina faɗa wa duk ɗalibin da zai ji: takarda mai tambari da lambobi reras ba ita ce shaida ba. A fanninmu lambar ƙarya na iya sa a ce wa uwa ɗakinta lafiya lau.

Yajin aikin malaman jami'o'i na 2022, daga Fabrairu zuwa Oktoba, ya same ni a tsakiyar aiki. Na koma gida, na yi karatun abin da ban samu lokacinsa ba, kuma a cikin watannin aka ɗaura mini aure da wani malamin lissafi. Gwaggo ce ta fi kowa rawa.

Abin da na samu bai girgiza duniya ba, amma nawa ne, kuma na tsaya a kansa gaban malamai. Ƙasar da ta fito daga dutsen saman rami ta fi sakin dalma a ruwan ciki fiye da ta dutsen ƙasa-ƙasa, ko da jimillarsu ta zo ɗaya. Sannan a wasu gidajen da aka taɓa kankarewa, dalma ta dawo, kuma ba ko'ina ta dawo ba: bakin ƙofa, inda maigida ke kaɗe riga, da wurin wanki. Kafin in kai aikin taron masana ma'adinai, sai da na kai shi zauren kawu da tsakar gidan matan da suka bar ni na share musu ɗaki. Na ce a niƙa dutse da ruwa, a bayan gari. A yi wanka a sauya kaya kafin a shigo gida. A wanke hannun yaro kafin ya ci. Mai farin ɓawon nan kuma kada ya kusanci gida ko da wasa. Wata tsohuwa ta ce duk sun taɓa ji daga bakin ma'aikatan asibiti, amma ba wanda ya taɓa nuna musu takamaiman wurin a cikin ɗakinsu. Wasu sun gyara. Wasu sun ce ruwan da za a yi niƙa da shi sai an saya, kuma gaskiya suka faɗa.

Digiri na uku da na fara yanzu a kan ruwa ne. Duk garin dutsen da aka wanke a bakin tafki da rafi, damina na kwashe shi, kuma Gulbin Zamfara ta Gummi yake bi ya shiga Kebbi ta Jega kafin ya haɗu da gulbin Sakkwato, yana ratsa fadamun shinkafa da albasa. Ina so in bi lakar gulbin zango-zango in ga iya inda dalma da zaiba suka kai, da kuma ko suna shiga abin da ake nomawa. Na gama zana wuraren ɗiba a taswira, na samu masu kwale-kwale a ɓangaren Kebbi da suka yarda su kai ni idan ruwa ya ja. Ɓangaren Zamfara kuwa ya danganta da yadda hanya ta kasance a wannan rani. Ina neman addu'arku, Allah ya ba ƙasarmu lafiya.